Liƙin da Aka Yi wa Juwairiyya

"Hajiya ta ce za ta zo."

Juwairiyya ta ɗago kai da sauri ta dubi Shafi'u. A zauren gidansu suke, shi a kan benci, ita a kan tabarma, hadarin la'asar yana ta haɗuwa ta wajen daji. Tun da ya yi sallama ta lura ba ya son su haɗa ido.

"Za ta zo ina?"

"Wajen kiɗan naku na gobe. Ta ce da idonta take so ta gani."



Hajiya Mairama ita ce mahaifiyar Shafi'u, kuma ita ce ta tare maganar aurensu tun bara. Ba ta taɓa kushe halin Juwairiyya ba, ba ta taɓa kushe gidansu ba, don kaf Birnin Gwari an san mahaifinta Malam Haruna mutumin kirki ne. Ranar da ta ji abin da yarinyar take karantawa a jami'a can Zariya, ranar komai ya lalace.

"Mai goge?" ta ce. "A ɗakin ɗana?"

Shafi'u ya yi bayani har ya gaji. Ya ce ba irin gogen ƙwarya ba ne mai tsirkiya ɗaya. Wannan na katako ne, a kafaɗa ake ɗora shi a danne da haɓa, kuma daga takarda ake karanta kiɗansa kamar yadda ake karanta littafi. Hajiya ta ce goge dai goge ne. Ita gogen da ta sani tun tana yarinya shi ne na gidajen rawa, inda maza ke tashi suna manna wa mata kuɗi a fuska.

"Sai ta ce me?" Juwairiyya ta tambaya a hankali.

"Ta ce in ta ga abin yadda nake faɗa mata ne, karatu ne, ba rawa ba shewa, to ranar Juma'a kawunnaina za su zo gaisuwa wajen Babanki."

"In kuma ba haka ba fa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"In kuma abin da ta sani ne, kada in ƙara ambaton sunanki a gabanta."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce to."

"To kawai, Malam?"

"Juwai, uwa ce fa. Kuma ni kaɗai gare ta." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ki kwantar da hankalinki. A makarantar da nake koyarwa ne fa. Ni na share ɗakin taron, ni na jera bencina, ɗalibaina ne za su zauna. Me zai faru?"

Bayan tafiyarsa ta daɗe zaune a zauren ita kaɗai, har aka fara yayyafi.

Da ta shiga gida sai ta tarar da Goggo Karima tana tankaɗe a bakin madafi. Goggo ƙanwar Baba ce, ita ta riƙe Juwairiyya tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke cikinta ba.

"Malamin naki har yanzu sai an nemo masa izini?"

"Goggo, don Allah."

"Ni dai na faɗa. Ga Bakoji can, ko yau sai da ya aiko da zabbi. Mutumin da ya ce ko kalangu kika rataya yana so. Amma ke kin liƙe wa mai cewa bari in tambayi Hajiya."

Bakoji dillalin hatsi ne a kasuwa, shi ke ɗauko masara daga Tabanni ya kai Kaduna. Ƙato ne mai dariya da ƙarfi, karatunsa bai wuce firamare ba. Tun Juwairiyya tana sakandare yake sonta, ita kuwa ban da gaisuwa ba abin da ya taɓa haɗa su.

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Kafin ta fara sai da ta ɗauko abin maƙale shanya ta danne tsirkiyoyin da shi, don sautin ya mutu, kada maƙwabta su ji. Haka take yi duk lokacin da ta zo hutu. A Zariya ita ce mai hijabi ɗaya tilo a cikin masu goge, ana ganin girmanta amma ba mai jan ta hira sosai. A gida kuma ita ce 'yar Malam Haruna mai goge. Ko'ina ta je kamar baƙuwa take.

Tana aji uku a sakandare a Kaduna wasu ɗaliban jami'a suka zo makarantarsu suka yi irin wannan kiɗa. Ba waƙa, ba ganga, ba wanda ya tashi rawa. Tana zaune a bencin baya sai ta ji hawaye na bin fuskarta, ba ta kuma san dalili ba. Kamar wani ne ya san duk abin da take ji tun da aka binne Ummanta, ya faɗe shi ba da baki ba.

Shi ya sa da malaminsu, Malam Nathaniel, ya ce bana ma za su zaga makarantu su yi wa yara kiɗa, ita ce ta matsa, ta roƙa, har aka sa garinsu a ciki.

Yanzu ga shi aurenta ma ya rataya a kan wannan rana.

*

Da hantsi motar ɗaliban ta iso, ta biyo ayarin motocin da jami'an tsaro ke rakowa ta cikin daji saboda 'yan bindiga. Duk sun yi zuru-zuru da su, ba mai dariya, sai da suka ga ƙofar makarantar sannan bakinsu ya buɗe.

Patience ce ta fara dirowa. 'Yar Saminaka ce, ita ke kaɗa babban gogen da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, kuma ita kaɗai ce a ajinsu ta san maganar Shafi'u.

"Amarya! Ya na gan ki kamar wadda aka yi wa rasuwa?"

"Uwarsa za ta zo."

"Yauwa! Ta zo mana. In ta ji hannunki, da kanta za ta kawo goro."

Juwairiyya ta je ta gaida Malam Nathaniel, sannan ta roƙe shi a bar babbar gangar a cikin mota. Da yawa daga cikin yaran daga ƙauyuka iyayensu suka taso suka dawo cikin gari, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ka ga sun zabura. Ya dube ta, ya gyaɗa kai.

Ɗakin taron ya cika maƙil. Yara a kan bencina, wasu a ƙasa, wasu sun leƙo ta tagogin da ba gilashi. Iyaye kaɗan suka zo, suka tsaya daga baya.

Ana dab da farawa Hajiya Mairama ta shigo.

Farin mayafi ne a jikinta, carbi a hannu. Shafi'u ya ajiye mata kujera a kusa da ƙofa, ya tsaya a gefenta. Ba ta kalli kowa ba.

Malam Nathaniel ya tsaya gaban yaran ya yi musu magana da Hausarsa ta mutanen kudancin Kaduna.

"Yara, wannan kiɗa yana da doka ɗaya. Ba a tafi, ba a ihu, sai kun ga an sauke hannu. Ku ba mu shiru, mu kuma mu ba ku kiɗa. Kun yarda?"

"Mun yarda!"

Su ma ɗaliban suna da tasu dokar, wadda yake nanata musu tun shekarar farko. In ka fara, ba ka tsayawa. Ko tsirkiya ta tsinke, ko wuta ta ɗauke, ko wani ya faɗi a gabanka. Mai tsayawa a tsakiyar kiɗa ya ci amanar 'yan'uwansa.

Suka fara.

Da farko yaran sun yi ta ƙus-ƙus suna nuna babban gogen Patience. Can sai ɗakin ya yi tsit. Ba ka jin komai sai kiɗan da ɗigar ruwa daga indararo. Wasu sun saki baki. Wasu sun rafka tagumi kamar manya.

Sai aka zo wajen da Juwairiyya za ta kaɗa ita kaɗai.

Ta miƙe ta matso gaba. Ta gyara hijabinta, ta ɗora gogen a kafaɗa. Wani tsohon kiɗa ne mai tafiya a hankali, wanda aka rubuta tun kafin a haifi kakanninta, a wata ƙasa mai sanyi da ba ta taɓa gani ba. Amma duk lokacin da ta kaɗa shi, hanyar gonarsu take gani, wadda yanzu ba mai bin ta, ciyawa ta cinye.

Ta lumshe ido ta ja bakan gogen a kan tsirkiya.

Da ta buɗe, ta gefen ido ta hango Hajiya. Carbin ya daina motsi. Tsohuwar ta ɗan karkato gaba, fuskarta ta saki.

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Juwairiyya. Ya Allah, ta ce a ranta, saura kaɗan. Ya Allah ka kai ni ƙarshe.

"Kai! Kai! Kai! Wallahi ba a taɓa yi ba!"

Muryar ta fasa ɗakin kamar an jefo dutse a kan kwano.

Bakoji ne. Ba ta ma san ya zo ba. Ya ratso ta tsakiyar yara cikin babbar rigar shadda, idonsa jajur, hawaye na gaske yana bin kumatunsa. Hannunsa na cikin aljihu.

Kafin kowa ya gane abin da yake shirin yi, ya iso gabanta.

Ya manna mata sabuwar takardar kuɗi a goshi, daidai bakin hijabi.

Gumi ya riƙe ta. Ya ƙara wata. Ya ƙara wata. Suna zamewa suna faɗowa a kan gogen, a kan kafaɗarta, a ƙasa.

"Juwairiyya ta Malam Haruna! Hannunki ya fi na kowa! Allah ya bar mana ke!"

Wata mata daga baya ta rangaɗa guɗa. Yaran kuwa da suka ga babba ya karya doka sai suka ɗauka an gama shiru. Tafi ya kaure, shewa ta tashi, na ƙasa suka miƙe suna taka rawa.

Juwairiyya ba ta tsaya ba.

Hannunta ne kawai yake tafiya, ita ba ta ma jin abin da take kaɗawa. Sauran ɗaliban sun shigo mata daidai inda takarda ta ce su shigo, in ta tsaya duk sun watse. Kuma in ta tsaya ma me za ta yi? Ta ture namiji da hannunta a gaban jama'a?

Ta nemi Shafi'u da ido.

Yana nan tsaye inda yake. Bai motsa ba. Ba ita yake kallo ba, mahaifiyarsa yake kallo.

Hajiya Mairama ta miƙe a hankali. Ta gyara mayafinta, ta dubi Juwairiyya sau ɗaya daga sama har ƙasa, ta juya. A waje ruwa ya fara sauka. Shafi'u ya ɗauki lema ya buɗe a kan mahaifiyarsa, suka fita tare.

Haka Juwairiyya ta kai kiɗan ƙarshe, da kuɗi a goshinta, tana kallon kujerar da ba kowa.

Tana sauke hannu Patience ta jingine nata gogen ta yi kan Bakoji.

"Alhaji, lafiyarka kuwa? Nan gidan biki ne aka ce maka?"

Bakoji ya tsaya sororo, sauran kuɗin a hannunsa.

"To me na yi? Ba haka ake yi ba? Kiɗa ya yi daɗi haka, a zauna a zuba mata ido kamar zaman makoki? Ni na ga ba wanda ya tashi ya girmama ta, na ce wallahi ba za a kunyata ta a garinsu ba."

Ya juyo wajen Juwairiyya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ranki ya daɗe, laifi na yi?"

Ta sa hannu ta ɓare ta ƙarshen da ta rage a goshinta, ta sake ta ta faɗi.

Bayan nan yaran suka yi layi, kowa yana so ya taɓa tsirkiya da yatsa ya ji ta yi ƙara. Ta durƙusa ta riƙe musu gogen har na ƙarshensu ya taɓa. Suna ta dariya. Malam Nathaniel ya ce bai taɓa ganin yaran da suka saurara kamar waɗannan ba.

Kafin azahar dole motar ta kama hanya, don ba a bin dajin da yamma. Patience ta rungume ta a bakin mota.

"In yana sonki zai zo yau ɗin nan. Ki kira ni."

Motar ta tashi. Juwairiyya ta rataya akwatinta ta bi ta bayan layi zuwa gida, don kada ta ratsa kasuwa.

*

Bai zo ranar ba. Bai zo washegari ba. Wayarsa tana shiga, ba a ɗauka.

Labari kuwa ya zaga gari. Matan da ke zuwa sayen ƙuli wajen Goggo sai su yi ta leƙen ƙofar ɗakinta. Baba bai yi mata faɗa ba, ya dai rage fita zaure, wannan kuwa ya fi faɗan ciwo. Ko akwatin ba ta ƙara buɗewa ba.

Sai ranar Alhamis da la'asar aka ce ana sallama da ita.

Ya rame. Bai zauna a bencin ba, ya tsaya jikin bango.

"Ina wuni, Malam."

"Lafiya lau, Juwai."

Ita ce ta sako maganar.

"Ka tafi ka bar ni."

"Hajiya na raka. Ruwa ake yi."

"Kafin ruwan fa? Kana tsaye, wani ƙato ya ratso ɗalibanka ya ɗora hannu a goshina. Ko sunana ba ka kira ba. Ko ƙafa ba ka ɗaga ba."

"Me kike so in yi? In kama dambe a gaban yara, a gaban mahaifiyata?"

"Ban ce ka yi dambe ba. Ka zo ka tsaya kusa da ni kawai. Da ka zo ka tsaya, wallahi da ya ja da baya. Ni ban ga kowa a ɗakin nan ba sai kai. Kai nake ta kallo, Shafi'u."

Ba ta taɓa kiran sunansa haka gatsal ba. Ya runtse ido.

"Ke fa? Me ya sa ba ki tsaya ba?"

"Na'am?"

"Me ya sa ba ki sauke abin nan kin fita ba? Kin san me Hajiya ta ce? Ta ce kiɗan ya shiga ranta. Da bakinta ta faɗa mini. Ta ce da ya manna miki ta farko kika ajiye gogen kika rufe fuska kika fita da gudu, da ta san 'yar mutunci ce aka ci wa fuska, da ita da kanta za ta je ta wanke Bakoji tas. Amma ana liƙa miki kina ci gaba. Ko gezau. Ta ce kamar wadda ta saba."

Juwairiyya ta dafe ƙirji.

"Na saba? Ni?"

"Ba ni na faɗa ba."

"Ba a tsayawa! Haka aka koya mana. Mutum nawa ne a bayana suna bin hannuna? In na tsaya na zubar da su duka. Ka sani, na sha faɗa maka!"

"Can aka koya miki. Nan Birnin Gwari ne."

Hawayen da take riƙewa tun ranar suka ɓalle. Ta zauna a kan tabarma ta kifa kai a gwiwa.

"Ki daina kuka don girman Allah. Tun ranar ban ci abincin kirki ba. Na durƙusa mata, na yi kuka kamar ƙaramin yaro, na kawo Kawu ya sa baki. Da ƙyar ta bar ƙofa ɗaya."

Ta ɗago.

"Wace ƙofa?"

"Ki bar shi. Ki ba da gogen, ki canza karatu, ki koma fannin koyarwa. Ba ta hana ki jami'a ba. In kin yarda, ki aiko mini kafin a tafi masallaci gobe. Ana saukowa kawunnaina za su zo."

"In bar shi gaba ɗaya?"

"Katako ne fa, Juwai. Katako da waya."

Ta daɗe tana kallonsa. Wannan shi ne mutumin da ya taɓa tsayawa a bayan katangarsu cikin rana don kawai ya ji tana gwaji, ya ce ko an danne sautin shi yana ji.

"Ka ga yaran nan ranar?" ta ce. "Ɗalibanka ne. Kai ka ce mini akwai waɗanda tun da suka baro ƙauye ba ka ga haƙoransu ba. Ka ga fuskarsu?"

"Na gani."

"Shi ne katako da waya?"

"To ni fa? Ni ba komai ba ne?"

"Kai ne komai," ta ce, kuka yana cin ƙarfinta. "Shi ya sa nake roƙonka. Kada ka sa ni in zaɓa. Ban yi laifi ba. Ka koma ka ce mata ban yi laifi ba, ka tsaya a kai ko sau ɗaya."

Ya sa hularsa.

"Kafin masallaci, Juwai. Ko kalma ɗaya ce, ki turo."

Ya fita.

*

Ranar Juma'a tun safe wayar tana hannunta.

Ta yi shara da ita, ta yi wanke-wanke tana ajiye a gefenta. Ta rubuta "na yarda" ta goge. Ta sake rubutawa ta sake gogewa. Goggo tana kallonta, yau kam ba ta ce uffan ba.

Aka yi kiran farko. Baba ya sa farar rigarsa ya fita. Gari ya yi tsit kamar yadda yake yi duk Juma'a in maza sun tafi.

Ba ta tura ba.

Amma zuciya ba ta da dabara. Sai ga ta ta yi wanka, ta sa atamfarta mai ruwan ganye, ta share zauren ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Wataƙila ya tsaya a kai. Wataƙila ya faɗa wa Hajiya abin da bai taɓa faɗa mata ba.

Ana saukowa daga masallaci ta ji sallamar manya a zaure, murya fiye da ɗaya, da ƙarar takalma ana cirewa.

Ta miƙe tsaye.

"Goggo! Goggo, sun zo!"

Goggo ta je ta leƙa ta jikin asabari. Ta daɗe. Da ta juyo ba ta yarda sun haɗa ido ba, ta wuce madafi kawai.

Can Baba ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta ya yi gyaran murya.

"Mamana."

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta. Ta durƙusa.

"Mutanen Bakoji ne. Yayan mahaifinsa da limamin unguwarsu. Sun zo ba da haƙuri a kan abin da ya faru. Sun ce yaron tun ranar bai fita kasuwa ba, wai bai san abin kunya ya yi miki ba sai da aka zaunar da shi. Sun kuma zo da goro. Ya ce a faɗa miki ba zai raba ki da karatunki ba, ba zai raba ki da kiɗanki ba. In Zariya ce shi zai riƙa kai ki da motarsa."

Ta ɗago kai.

"Baba... su fa?"

Bai yi kamar bai gane ba.

"Na tsaya a ƙofar masallaci har aka watse. Kawun Shafi'u ya hango ni. Sai ya bi ta ɗaya ƙofar."

Hawaye ya ɗigo a kan atamfar. Baba ya kau da kai.

"Ban ba su amsa ba. Ni ba zan yi miki dole ba, kin sani. Me zan ce musu?"

Ta goge fuska da gefen mayafi.

"Ka karɓi haƙurin, Baba. Ka ce na yafe masa har ga Allah, na san ba da mugunta ya yi ba. Goron kuma a mayar musu."

"Mamana, kin san ba wasu ke tafe a bayansu ba."

"Na sani."

Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce Allah ya yi mata albarka, ya koma zaure. Ta ji muryoyin sun yi ƙasa, ta ji ana addu'a, ta ji ana sa takalma. Daga madafi Goggo tana jan hanci, wai hayaƙi ne.

Gidan ya koma shiru.

Tana nan zaune a bakin gado har inuwa ta cinye tsakar gida. Sai ta ji ƙarar babur ya shigo layinsu. Ko cikin barci ta san ƙarar babur ɗin Shafi'u, da ɗan tarin da injin yake yi in an rage gudu.

Ya rage gudu. Ya tsaya daidai ƙofar gidan.

Ta zabura ta fizgi mayafinta, ta fito tsakar gida ba ko takalmi. Ta tsaya tana jiran sallama.

Ba a kashe injin ba. Ba a yi sallama ba.

Tana tsaye, mayafin a hannunta, ta ji an sa giya. Ƙarar ta yi gaba a hankali, ta karya kwana wajen masallaci, ta yi ta raguwa har ta ɓace.